BAYANI: Haƙoran zaki, dabarun farautarsa, da abin da ke tura shi ga garken makiyaya

A gidan adana kayan tarihi na Field da ke birnin Shikago na Amurka akwai ƙasusuwan kan wasu zakoki biyu da aka harbe a Kenya cikin watan Disamba na shekarar 1898. Zakokin sun shafe kimanin wata tara suna ɗauke ma'aikatan da ke gina gadar jirgin ƙasa a kan kogin Tsavo. Jami'in sojan Birtaniya da ya kashe su, John Henry Patterson, ya ce sun cinye mutum 135, amma binciken da aka yi a 2009 kan sinadaran gashinsu da ƙashinsu ya rage adadin zuwa kimanin 35. Abin da ya fi jan hankalin masana yana cikin bakin ɗaya daga cikinsu: fiƙarsa ta ƙasa a karye take, saiwarta kuma ta yi ƙurji mai mugunya. Wannan zakin ne ya fi ɗan'uwansa cin mutane.

Duk wanda ya fahimci bakin zaki da faratansa ya fahimci abin da yake iya kamawa, da inda yake kamawa, da kuma lokacin da yake barin namun daji ya nufi shanu ko mutane. Batun ya shafi Najeriya da Nijar kai tsaye, domin wasu daga cikin ragowar zakokin Afirka ta Yamma suna cikin dazuzzukansu, kuma saura kaɗan su ƙare.

Haƙora 30, kowanne da aikinsa

Baligin zaki yana da haƙora 30. Ɗan Adam yana da 32, kare kuwa 42. Ƙarancin haƙoran zaki yana da nasaba da gajartar muƙamuƙinsa: idan muƙamuƙi ya gajarta, fiƙoƙi suna matsowa kusa da gaɓar da tsoka ke jan ta, sai ƙarfin cizo ya taru a kansu. Ma'aikacin da ke datse waya da filaya ya san wannan, domin yakan tura wayar can ciki kusa da mahaɗa.

Haƙoran sun kasu uku ta fuskar aiki. A gaba akwai ƙanana guda 12, shida a sama shida a ƙasa. Da su zaki ke tsige gashi, yana kankare sauran nama daga jikin ƙashi, yana kuma gyara jikinsa.

Sai fiƙoƙi huɗu, waɗanda tsawon na sama kan kai kimanin santimita bakwai. Su ne makamin kisa. Fiƙar zaki kewayayya ce kuma kakkaura, saɓanin ta kare mai ɗan faɗi, shi ya sa take jure fizga daga kowane ɓangare yayin da babbar dabba ke kokawar ƙwatar kanta. Bayan fiƙoƙin akwai giɓi, wanda ke ba su damar nutsewa har dasashi.

Kashi na uku su ne haƙoran gefe guda 14. A bakin saniya ko mutum, waɗannan turame ne masu faɗi na niƙa abinci. A bakin zaki sun zama wuƙaƙe. Babban haƙorin gefe na sama da takwaransa na ƙasa suna gogar juna kamar bakin almakashi, suna wasa kansu duk lokacin da suka haɗu. Wannan ne dalilin da ya sa zaki ke karkata kai gefe guda idan yana ci: yana kai naman ne ga almakashin. Muƙamuƙinsa sama da ƙasa kawai yake motsi, ba ya juyawa gefe. Saboda haka zaki ba ya tauna; yanka yake yi ya haɗiye.

Harshensa ma kayan aiki ne. Samansa cike yake da 'yan ƙayoyi masu kallon baya, masu kaushi kamar zarto, waɗanda ke ɗaye gashi da nama daga fata da ƙashi.

Ɗan zaki yana fara rayuwa da haƙoran nono 26. Na dindindin suna gama fitowa bayan ya haura shekara guda, kuma ba ya zama ƙwararren mafarauci sai ya kusa shekara biyu. Daga nan babu musanya. Haƙorin da ya karye ya tafi ke nan.

Faratai, ƙafafu da idanu

Kafin fiƙa ta taɓa wuya, dole ne a kayar da dabbar, kuma wannan aikin ƙafafun gaba ne. Zaki yana da faratai 18: biyar a kowace ƙafar gaba, huɗu a kowace ta baya. A ɓoye suke cikin kube na fata idan yana tafiya, don haka ƙasa ba ta dakusar da su, ba sa kuma yin ƙara. Shi ya sa sawun zaki ba ya nuna farce, alhali na kura da na kare suna nunawa. Farce na biyar a ƙafar gaba yana can sama kaɗan, kamar babban yatsa, kuma shi ke zama ƙugiyar da ke riƙe dabba mai gudu.

Ƙirjin zaki da kafaɗunsa tsoka ce zalla. Namiji yakan kai nauyin kilo 150 zuwa 250, zakanya kuma ba ta kai haka ba. Tafin ƙafarsa mai taushi ne, yana haɗiye motsin sanɗa. Kalar jikinsa ta busasshiyar ciyawa ce.

Idanunsa biyu suna fuskantar gaba, abin da ke ba shi damar auna nisa kafin ya yi tsalle. A bayan idon akwai wani faifai mai mayar da haske, wanda ke sa ƙwayar ido ta amfana da ɗan hasken dare sau biyu. Shi ne ke ƙyalli idan an haska zaki ko kyanwa da tocila. Wannan ya ba shi rinjaye a cikin duhu, kuma akasarin farautarsa da dare ne ko da asuba.

Raunin da ke cikin ƙirjinsa

Akwai abin da zaki ba shi da shi, wato dogon numfashi. Zuciyarsa ba ta wuce kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, yayin da ta kura ta kusa kashi ɗaya cur. Kura tana iya bin dabba tsawon kilomitoci har ta gajiyar da ita. Zaki kuwa gudunsa mai ƙarfi ne amma na ɗan gajeren zango. Idan bai cim ma abin farauta a zangon farko ba, yakan haƙura.

Wannan rauni shi ya tsara masa dukkan salon farautarsa. Dole ne ya yi sanɗa har ya matso kusa sosai, ko ya yi kwanton ɓauna a inda ya san dabbobi za su bi. Binciken da aka yi a Serengeti ta Tanzaniya ya nuna zakoki sun fi yin kisa a wuraren da ke da maɓoya, kamar bakin rafi da kwazazzabai, fiye da filayen da dabbobi suka fi yawa. A gandun Hwange na Zimbabwe an ga yawancin kisan yana faruwa ne kusa da mashaya. Wannan ƙa'idar ce ke sa bakin kogin Gaji na Yankari ya zama wuri mai muhimmanci da rani, lokacin da namun dajin ke taruwa a can neman ruwa.

Duk da makamansa, zaki ya fi faɗuwa a kan nasara. Masanin dabbobi George Schaller, wanda ya wallafa bincikensa kan zakokin Serengeti a 1972, ya gano cewa zaki guda yana nasara a ƙasa da yunƙuri ɗaya cikin biyar, rukuni kuma a kusan ɗaya cikin uku. A gandun Etosha na Namibiya, Philip Stander ya ruwaito a 1992 cewa zakanyu suna raba aiki: wasu su kewaya ta gefe su koro dabbar, wasu su kwanta a tsakiya suna jira, kuma kowace takan riƙe gurbin da ta saba. An daɗe ana cewa namijin zaki cima-zaune ne, amma bincike a gandun Kruger na Afirka ta Kudu ya nuna maza suna farauta sosai, sai dai sun fi yi su kaɗai a cikin duhuwar daji inda ba a cika ganinsu ba.

Yadda ake kisan

Ƙaramar dabba cizo ɗaya a ƙeya ko mari da dagi ya ishe ta. Babba kamar ɓauna kuwa sai an yi kokawa. Zaki yakan ɗafe ta ta baya ko ta kafaɗa, ya yi amfani da nauyinsa ya kayar da ita, sannan ya kama maƙogwaro ya shaƙe, ko ya rufe mata hanci da baki da nasa bakin. Yana iya riƙewa tsawon mintuna, dabbar tana shure-shure da fizga. Duk wannan nauyin a kan fiƙoƙi huɗu yake sauka.

Wani nazari da Matt Hayward da Graham Kerley suka wallafa a 2005, wanda ya tattara bincike da dama daga sassan Afirka, ya nuna zakoki sun fi son dabbobi masu nauyin kilo 190 zuwa 550. A dazuzzukan Afirka ta Yamma, ɓauna da gwanki da gwambaza suna cikin wannan aji, sai kanki da maraya da gadu da ke cike gurbi. Saniyar Fulani ma nauyinta yana cikin wannan ajin, ga shi ba ta da gudun gwanki, ba ta da zafin ɓauna.

A matsakaici zakanya tana buƙatar nama kimanin kilo biyar a rana, namiji kilo bakwai, amma zaki yana iya cin kilo 30 a zama ɗaya, sannan ya kwana biyu ko uku bai sake ci ba. Idan ya bar saura yakan dawo masa. Ba ya kuma ƙin mushe. Waɗannan ɗabi'u biyu su ne ƙofar da masu zuba guba ke bi.

Idan haƙori ya karye

Masaniyar dabbobi Blaire Van Valkenburgh ta duba ƙasusuwan kan manyan dabbobi masu cin nama a gidajen tarihi, ta gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu yana da aƙalla karyayyen haƙori guda, kuma fiƙa ce ta fi karyewa. Harbin jakin dawa ko na raƙumin dawa yana iya fasa muƙamuƙi. Tsufa ma yana cinye haƙora, shi ya sa masana ke ƙiyasta shekarun zaki ta hanyar duba launinsu da yadda suka goge. Namiji a daji da wuya ya wuce shekara 12.

A 2017, Larisa DeSantis da Bruce Patterson sun duba haƙoran zakokin Tsavo da madubin ƙara girma. Tsohon zato shi ne yunwa ce ta sa su cin mushe da tauna ƙashi har suka kai ga mutane. Amma saman haƙoran nasu ya yi kama da na zakokin gidan namun daji masu cin nama mai laushi. Masanan sun kammala cewa ciwon haƙori yana daga cikin abin da ya hana babban mai laifin riƙe manyan dabbobi, sai ya nemi abinci mai sauƙi. Zakin da ya addabi yankin Mfuwe na Zambiya a 1991 shi ma an same shi da mummunan rauni a muƙamuƙi.

Haƙori kaɗai bai isa ya bayyana komai ba. Zaki na biyu na Tsavo raunin bakinsa bai yi tsanani ba, amma shi ma ya ci mutane. A farkon shekarun 1890 annobar cutar shanu ta halaka ɓauna da shanu masu ɗimbin yawa a gabashin Afirka, abin da ya rage abincin zakoki. Wani bincike na 2024 ya ciro gashin da ya maƙale cikin karyayyun haƙoran nasu, ya gano na raƙumin dawa da jakin dawa da gwambaza, tare da na mutum. Ashe ba su daina farautar namun daji ba. Ƙara mutane suka yi a kai.

Alƙaluman Tanzaniya sun ƙarfafa wannan. Craig Packer da abokan aikinsa sun ruwaito a 2005 cewa zakoki sun kashe mutum 563 a ƙasar cikin shekara 15 da suka gabaci rahoton. Hare-haren sun fi yawa a gundumomin da namun daji suka yi ƙaranci, aladun daji kuma suka yawaita. Manoma suna kwana a gona don korar aladu, zakoki suna bin aladun, sai su tarar da mutum. Wani bincikensu na 2011 ya nuna haɗarin yana ƙaruwa a dararen da ke bin cikar wata, lokacin da duhu ke sauka da wuri mutane ba su shiga ɗaki ba.

Wasu raunukan kuma hannun mutum ne ya yi su. Nazarin da Paula White da Van Valkenburgh suka wallafa a 2022 kan zakokin Zambiya ya gano cewa kashi 37 cikin ɗari na manyan mazan da aka duba sun taɓa faɗawa tarkon waya. An gane haka ne har daga zanen da wayar ta bari a fiƙoƙinsu lokacin da suke cizonta don su kuɓuta. Tarkon ba don su aka ɗana ba, amma yana rage abincinsu, yana kuma lalata haƙoran da za su kama ragowar.

Saura nawa a yankinmu?

A 2014 mujallar PLOS ONE ta wallafa sakamakon binciken shekara shida da Philipp Henschel ya jagoranta a gandaye 21 na Afirka ta Yamma. Guda huɗu kacal aka tabbatar da zaki a cikinsu: Niokolo-Koba a Senegal, Yankari da Kainji a Najeriya, da kuma haɗakar gandayen W da Arly da Pendjari da ke kan iyakokin Nijar da Benin da Burkina Faso. Jimillarsu kimanin 400, baligai ƙasa da 250, a kan kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasar da suke zaune a da. Kusan tara cikin goma suna cikin waccan haɗakar. Na Najeriya duka ba su kai 50 ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka su a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa.

Ba za a maye gurbinsu da zakokin Kenya ko na Afirka ta Kudu ba tare da asara ba. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna zakokin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya sun fi kusa da na dajin Gir na Indiya fiye da na gabashi da kudancin Afirka. Na Gir ɗin sun taɓa raguwa ƙwarai a farkon ƙarni na 20, amma ƙidayar 2020 ta samu 674, ta 2025 kuma 891, sakamakon kariya da biyan diyya ga masu dabbobi.

A nan gida, rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai sun kutsa dazuzzukan W da Arly, kuma a watan Fabrairun 2022 hare-haren bam a ɓangaren Benin na gandun W sun kashe mutum tara, ciki har da masu gadin daji. Gandun Kainji, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 5,000 a jihohin Neja da Kwara, shi ma ya zama maɓoyar 'yan bindiga. Inda jami'i ba ya iya sintiri, mai ɗana tarko yana aikinsa a natse.

Fiƙa da farce a kasuwa

Makaman zaki sun zama haja. A gandun Limpopo na Mozambik, binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na zakokin da mutane suka kashe an kashe su ne don sassan jikinsu, musamman haƙora da faratai. A Afirka ta Yamma kuma akwai tsohuwar kasuwar kitse da fatar zaki wajen masu maganin gargajiya.

A taron yarjejeniyar CITES na 2016 a Johannesburg, ƙasashe tara, ciki har da Nijar da Najeriya da Chadi, sun nemi a haramta cinikin zaki tsakanin ƙasashe baki ɗaya. Buƙatar ba ta samu karɓuwa ba. Abin da aka amince da shi shi ne hana fataucin ƙashi da haƙora da faratan zakin daji, aka kuma bar wa Afirka ta Kudu damar fitar da na zakokin da ake kiwo. Jami'in kwastan da ya kama fiƙa ba zai iya gane ta daji da ta kiwo da ido ba.

Abin da sanin zaki ke amfanarwa

Makiyayin da zaki ya kashe wa saniya ya yi asarar dukiya ta gaske, kuma idan babu wanda zai saurare shi, gawar saniyar da guba suna hannunsa. Gawa ɗaya tana iya kashe rukunin zakoki har da kuraye da ungulaye. A gandun Waza na arewacin Kamaru an lura cewa zakoki sun fi afka wa dabbobin gida da damina, lokacin da namun daji ke watsuwa su ma suke fita daga gandun.

Tun da zaki da sanɗa da duhu ya dogara, hana shi su biyun yana aiki. A arewacin Tanzaniya, kewaye makwancin shanu da shingen itatuwa masu rai haɗe da ragar ƙarfe ya kusa kawar da harin dare gaba ɗaya a gidajen da suka yi. A Kenya wani yaro makiyayi, Richard Turere, ya ƙirƙiro fitilu masu walƙiya da ke sa zaki ya ɗauka mutum ne ke zagaye da tocila. A Botswana an zana idanu a gindin shanu 683, kuma cikin shekara huɗu na gwajin ba a kashe ko ɗaya ba, yayin da aka kashe 15 cikin 835 da ba a yi wa zane ba. Mai kwanto yakan janye idan ya ga kamar an gan shi.

Waɗannan dabaru masu araha ne, amma suna rage asara ne kawai. Muddin babu ɓauna da gwanki da kanki a cikin gandun, zaki zai fito. Wannan kuwa aikin hukuma ne. Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi tun 2006. Kainji yana ƙarƙashin hukumar kula da gandayen daji ta tarayya. Najeriya ta kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, aka kuma yi mata gyara a 2016. Ga mai bin diddigin kasafin kuɗi, tambayoyin a bayyane suke: nawa aka ware wa masu gadin daji kuma nawa aka saki, yaushe aka yi ƙidayar namun daji ta ƙarshe, mutum nawa aka gurfanar kan ɗana tarko ko zuba guba, sannan wane tanadi ke akwai ga makiyayin da ya kai rahoton asararsa a maimakon ya ɗauki fansa.

Har gobe fadawa suna gaishe da sarki da kiran “Zaki!” Ainihin mai sunan kuwa, a duk faɗin Najeriya, dazuzzuka biyu suka rage masa.